3.2 Tallafa wa Malamai Wajen Koyar da Ilimin Lantarki a Kudancin Kano

Kamar yadda aka ambata a babi na biyu, tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a shekarar 1982 shi ne ya shigo da darasin fasaha cikin ƙananan makarantun sakandare, kuma ilimin lantarki wani sashe ne na wannan darasi. Gwamnatin Tarayya ta sayo kayan aiki daga ƙasashen Gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari, amma da yawansu a cikin akwatuna suka lalace, saboda rashin wuta da rashin malaman da suka san yadda ake sarrafa su.

A ra'ayin mai wannan nazari, malamin ya kamata a fara tallafa wa kafin a zo kan kayan aiki. Malamin da ke koyarwa a Tudun Wada ko Doguwa yakan sha wahala ne tun daga kan kalmomi, domin littafin da ke hannunsa na Ingilishi ne, ɗaliban kuwa da Hausa suke tunani. To amma akwai misali a kusa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, tana cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, kuma da wuya a sami yaron wannan yanki da bai san ta ba. Malami na iya kwatanta ƙarfin turin lantarki da tudun da ruwa ke gangarowa daga kansa, gudun lantarki da yawan ruwan da ke bin magudana, turjiya kuwa da ƙuncin magudanar. Wato idan magudana ta matse, ruwan da zai wuce ya ragu. Wannan ita ce dokar Ohm a taƙaice. Sai dai kwatancen yana da iyaka: ruwa na zuba in an fasa magudana, lantarki kuwa tsayawa yake in an yanke waya.

Bugu da ƙari, gwajin farko ba ya buƙatar wutar gari. Batirin tocila biyu masu bolt 1.5 kowanne, da ƙwan tocila, da guntuwar waya sun isa a nuna wa aji yadda lantarki ke kewayawa. Abin da ya rage shi ne malamin ya taɓa haɗawa da hannunsa. A nan ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Fasaha ta Bagauda za su iya taimakawa, ta hanyar shirya wa malaman Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa bita lokacin dogon hutu, a kuma gudanar da ita cikin Hausa.