Gaya: Yadda tsohon gilashi zai fisshe mai ɗaukar hoto a lokacin tsada

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a ɓangaren Nijar. Kayan da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano sai dai su tsallaka kogin Neja a kwalekwale, ko su zagayo ta Kamba a jihar Kebbi, kuma kowace hanya da kuɗinta. Ga matashin da ke cin abinci da hoton biki da suna a wannan gari na jihar Dosso, sabon gilashin kyamara mai saita kansa ya yi nisa da aljihu.

Akwai mafita mai rahusa: tsofaffin gilasan zamanin fim, waɗanda ake murzawa da hannu. Ƙananan kyamarori marasa madubi, da suka fara fitowa a 2008 da Panasonic Lumix G1, suna karɓarsu. Dalili kuwa shi ne tazara. A kyamarar Sony, milimita 18 ne tsakanin bakin kyamara da sensa, alhali tsohon gilashi mai zaren M42 yana buƙatar kusan milimita 45 da rabi. Zoben ƙarfe da ake kira adafta shi ke cike giɓin, babu waya babu batir.

Shahararre a cikinsu shi ne Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai tsawon milimita 58. A kan ƙaramar sensa irin ta Sony a6000 yana aiki kamar mai milimita 87, daidai da hoton fuska: amarya ta fito tar, bayanta ya dushe.

Sai dai aikin na son hannu. Dole a buɗe saitin da ke barin kyamara ta ɗauka ba tare da ta gane gilashin ba, sannan a kunna alamar launi da ke nuna inda hoto ya fi kaifi. A buɗe gilashi zuwa f/2, kuskuren ɗan yatsa ya isa ya ɓata idon amarya, kuma ba a maimaita ɗaurin aure. A taron da ake kai-komo, kamar filin kokawa, gara a rage zuwa f/8 a saita nisa tun kafin a fara.

Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce, domin da an cire gilashi sensa a fili take. A canja shi a ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa.

'Yan'uwa mazauna Turai da ke son aiko da na gwanjo su haska shi da tocila, su duba ko akwai fumfuna a ciki, su kuma haɗo da adaftar da ta dace da kyamarar. Da irin wannan saiti na hannu Malick Sidibé na Mali ya ɗauki hotunan matasan Bamako da suka kai shi ga lashe kyautar zinare a Venice a 2007.