Idan Likita Ya Hana Cin Alkama: Hukuncin Shari'a Da Haƙƙin Marar Lafiya A Kan Iyalinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wani dare bayan sallar Isha'i, wani magidanci daga cikin 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyensu a ƙasar Faskari ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso kusa da mu. Ya ce 'yarsa mai shekara tara ta daɗe tana fama da gudawa da kumburin ciki, tana ci amma kullum ƙara ramewa take yi. An yi maganin tsutsar ciki, an yi na shawara, an sha rubutu. Daga ƙarshe wani ɗan'uwansa ya kai ta babban asibiti, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce kada ta ƙara cin duk wani abu da aka yi da alkama har iya rayuwarta.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "mahaifiyata ta ce yaya za a yi likita ya haramta abin da Allah Ya halatta? Ga shi kuma wani maƙwabcina ya kawo mana garin talbina, ya ce maganin Annabi ne, mu ba ta. Da wanne zan yi aiki?"

Mun ga ya dace mu faɗaɗa amsar da muka ba shi, domin tambaya ce da za ta iya shiga kowane gida a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran garuruwanmu.

Mene ne wannan ciwo?

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari da likitoci ke kira gulutin. Shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya ja kamar roba, burodi kuma ya tashi. Mafi yawan mutane suna cin sa ba ya yi musu komai. Amma akwai waɗanda Allah Ya halitta, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanjinsu sai garkuwar jikinsu ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, garin yaƙarsa sai ta lalata bangon hanjin da ke tsotse amfanin abinci. Sai mutum ya ci ya ƙoshi, amma abincin ya wuce bai amfane shi ba. Daga nan ake samun gudawa mai daɗewa, da ƙarancin jini, da kasala, da raunin ƙashi, yaro kuma ya tsumbure. Wannan ciwo shi ake kira siliyak. Ana kiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da shi, kuma yana bin jini, shi ya sa ake so a duba 'yan'uwan wanda aka samu da shi.

Yadda aka gane sababinsa ma akwai abin lura. Wani likitan yara a ƙasar Holan mai suna Willem Dicke ya daɗe yana zargin alkama. Da yunwa ta afka wa ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya yi wuya, sai ya ga yaran da ke fama da wannan ciwo suna samun sauƙi. Da burodi ya dawo sai ciwon ya dawo musu. A 1950 ya gabatar da bincikensa a rubuce. Har yau babu wata ƙwaya ko allura da ke warkar da shi. Maganinsa shi ne barin alkama da sha'ir baki ɗaya.

Kada a ce ciwon Turawa ne kawai. Wani bincike da aka wallafa a 1999 a kan yaran Musulmin Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya ya gano ciwon a jikin kashi 5.6 cikin 100 na yaran, adadin da yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Mutane ne da hijira ta mayar da garin alkama ya zama babban abincinsu. Wannan ya kamata ya sa mu yi tunani a kan namu halin. Kudancin Katsina ƙasar dawa ce da masara da gero, kakanninmu a kansu suka rayu. Amma magidancin da aka raba da gonarsa da rumbunsa, ya koma zaman haya a gari, sau da yawa abin da ya fi masa saurin samuwa shi ne burodi da shayi da safe, taliya da rana, Indomie da dare. Yaron da ciwon yake ɓoye a jikinsa lokacin da yake cin tuwon dawa a ƙauye, a nan ne zai bayyana.

Likita bai haramta komai ba

Kakar yarinyar nan tana da gaskiya a asalin maganarta. Halattawa da haramtawa haƙƙin Allah ne Shi kaɗai. A Suratun Nahli aya ta 116 Allah Ya gargaɗe mu da mu riƙa cewa wannan halal ne wannan haram ne bisa ƙarya, a Suratul Ma'ida aya ta 87 kuma Ya hana muminai haramta wa kansu abubuwa masu daɗi da Ya halatta. Alkama halal ce, kuma za ta ci gaba da zama halal har tashin ƙiyama.

Sai dai abin da likita ya yi bayani ne a kan jikin mutum guda, hukuncin kuwa daga Shari'a ya fito. Ka'idar da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, wadda ta hana cutuwa da cutarwa, tana cikin manyan ginshiƙan fiƙihu. Mu dubi ruwa: babu abin da ya kai shi tsarki, da shi ake alwala da wanka. Amma marar lafiyar da taɓa ruwa zai ƙara masa ciwo, Shari'a ta ce ya yi taimama. Ruwan yana nan a matsayinsa na mai tsarkakewa, marar lafiyar ne aka sauƙaƙa wa. Abu Dawuda ya ruwaito labarin sahabin da ya ji rauni a ka cikin tafiya, janaba ta same shi, abokan tafiyarsa suka ce ba su ga yana da rangwame ba, ya yi wanka ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) ya yi fushi, ya ɗora musu alhakin ransa, ya kuma nuna cewa da sun yi tambaya tun da ba su sani ba, domin tambaya ita ce maganin rashin sani.

Ƙauracewa wani abinci saboda ciwo kuwa yana da asali a Sunna. Ummul Munzir (RA) ta ba da labari cewa Annabi (SAW) ya shigo gidanta tare da Sayyidina Aliyu (RA), wanda bai daɗe da tashi daga rashin lafiya ba. Akwai dabino a rataye, Annabi (SAW) yana ci, da Aliyu ya fara ci sai ya dakatar da shi saboda jikinsa bai gama warwarewa ba. Sai ta dafa musu sha'ir da wani ganye, ya umarce shi ya ci wannan domin ya fi dacewa da shi. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito shi. Dabino guda, a zama guda, ya dace da wani bai dace da wani ba.

Saboda haka idan amintaccen likita masani ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa alkama tana lalata hanjin mutum, barin ta ya zama wajibi a kansa, kuma wajibi ne a kan waliyyin yaro ya kare shi daga gare ta.

Batun talbina

A nan ake buƙatar natsuwa. Hadisin Nana A'isha (RA) a kan talbina yana cikin Bukhari da Muslim, cewa tana kwantar da zuciyar marar lafiya, tana rage baƙin ciki. Mun yi imani da shi, babu shakka. Amma talbina da garin sha'ir ake yin ta, sha'ir kuwa yana ɗauke da gulutin. Wanda ya ba mai ciwon siliyak talbina ya ƙara masa ciwo, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Wannan bai saɓa wa hadisin ba. Ibnul Ƙayyim ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa magani yana bambanta da bambancin jiki da ƙasa da yanayi, har ya nuna cewa umarnin sanyaya zazzaɓi da ruwa ya fi fuskantar mutanen Hijaz da irin zazzaɓin da zafin rana ke jawo musu. Annabin da ya yaba wa talbina shi ne ya hana Aliyu dabino, alhali falalar dabino ba ɓoyayya ba ce. Muna kira ga 'yan'uwanmu masu shagunan magungunan Musulunci su riƙa tambayar mai saye halin marar lafiyarsa kafin su miƙa masa garin sha'ir.

Kada kowa ya zama likitan kansa

Akwai kuma wani ɓangaren. Wasu matasa, musamman ɗalibai, suna ganin bidiyo a Facebook da TikTok ana cewa alkama guba ce ga kowa, sai su bar ta, har su riƙa aibata ta a gaban masu ci. Abu Huraira (RA) ya shaida cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Da aka kawo masa naman damo bai ci ba, amma ya bayyana wa Khalid ɗan Walid (RA) cewa ba haram ba ne, kuma Khalid ya ci a gabansa. Wanda ya ga dama ya rage fulawa ya koma tuwo, wannan zaɓinsa ne, amma kada ya mayar da shi addini.

Kuma mu sani, mafi yawan gudawa da ramar da ke damun yaranmu daga gurɓataccen ruwa suke, da tsutsar ciki, da ƙarancin abinci. Uwar da ta hana ɗanta burodi bisa zato alhali tamowa ce ke damunsa, ta ƙara masa yunwa ne. Tabbatar da siliyak yana buƙatar gwajin jini, sau da yawa kuma da ɗaukar ɗan ƙaramin yanki na hanji a duba. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitoci suna jan kunne cewa kada a daina cin alkama kafin a yi gwajin, domin hanjin zai fara warkewa, sakamakon ya fito kamar babu komai.

Abin da ya rage ya fi abin da aka hana yawa

Bature mai wannan ciwo yana kashe kuɗi mai yawa wajen neman burodi na musamman. Mu kuwa Allah Ya hutar da mu, domin gero da dawa da masara da shinkafa da acha da wake da rogo da doya da dankali duk babu gulutin a cikinsu. Su ne kuma gero da dawa da shinkafar da Ibnu Abi Zaid ya lissafa a Risala cikin abin da ake fitar da zakkar fid-da-kai da shi. Tuwo, fura da nono, kunun tsamiya, koko, dambu, fate, burabusko, waina, ƙosai, alala, duk nata ne. Abin da za ta bari shi ne burodi, taliya, Indomie, Semovita, gurasa, alkubus, funkaso, fanke, biskit da lemun malt. A kayan gara ma, alkaki da dubulan da cincin ne suka fita, nakiya tana nan.

Wahalar tana wajen ɓoyayyen gauraye, domin kaɗan ma yana cutarwa. Injin niƙa da aka gama niƙa alkama a cikinsa zai bar gari a cikin dawar da ta biyo baya. Man da aka soya fanke a cikinsa bai dace a soya mata ƙosai ba. Ɗanwake galibi ana sa masa fulawa, wasu masu waina ma suna ƙara ta a ƙullu, wasu sinadaran ɗanɗano kuma suna da garin alkama, sai a karanta jikin takardarsu. A ware mata rariya da muciya da kwano, a wanke tukunya da kyau.

Nan ne haƙƙinta yake hawa kan kowa a gidan. Mu mutane ne masu cin kwano ɗaya, masu ganin ƙin karɓar abinci a matsayin raini. Kada a kira ta mai iyayi, kada a ce "ɗan ɗanɗana, loma ɗaya ba ta kisa". Matar da aka aura da wannan ciwo, ciyarwar da ke wuyan mijinta ita ce ciyar da ita abin da jikinta yake karɓa. Shugabannin makarantun kwana da malaman tsangaya su saurari ɗalibin da ya zo da takardar likita. Masu rabon kayan agaji ga 'yan gudun hijira su sa gero da dawa da wake a gefen katan-katan na taliya. Maniyyaci mai wannan ciwo ya tafi da garin kununsa, domin a Makka da Madina ana yawan cin burodi.

Mun ce wa magidancin nan ya koma wajen mahaifiyarsa cikin ladabi, ya gaya mata cewa maganarta gaskiya ce, likita ba ya haramta halal, sannan ya ba ta labarin Sayyidina Aliyu da dabino. Ya kuma roƙe ta, tun da babu wanda ya kai ta iya tuwon dawa da kunun gero a gidan, ita ta karɓi ragamar abincin jikarta. Talbinar kuwa ya yi wa maƙwabcinsa godiya, sauran mutanen gida su sha.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu zuwa gonakinsu cikin aminci. Allah ne Mafi sani.