Me ya sa barin tramol ke da wuya?

Tramol dangin opiyom ne. Idan ya shiga jini, yana kama wasu gurabe a ƙwaƙwalwa da ke kwantar da zafin ciwo. Yau da gobe ƙwaƙwalwa ta saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Ranar da aka rasa, sai zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Shi ya sa ɗan kabu-kabun da ya rantse ya bari yake komawa.

A 1965 likitoci a Amurka suka nuna maganin metadon na kashe irin wannan ƙishirwa. Cibiyar CEPIAD ta Dakar, da aka buɗe a 2014, tana ba da shi. Mai son barin tramol ya ga likita: sannu a hankali ake rage ƙwayar.