Tarihin Kamfanin Tim Hortons na Ƙasar Kanada: Mai Suna da Mai Dukiya

Baƙon da ya sauka ƙasar Kanada yakan san sunan Tim Hortons kafin ya san sunan firaministan ƙasar. A filin jirgin sama zai fara ganinsa, sa'an nan ya riƙa cin karo da shi a tashar mota, da asibiti, da jami'a, da bakin kowace babbar hanya. Shaguna ne na sayar da gahawa, wadda wasu ke kira kafe wasu kuma kofi, tare da wani abin taɓawa da ake kira donot. A yau akwai irin waɗannan shaguna kusan 4,000 a cikin Kanada kaɗai, ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 40 da ƴan kai ba, wato kusan shago ɗaya ga kowane mutum 10,000 ke nan.

Shi donot ɗan'uwan fanke ne. Kwaɓin fulawa ne da yis da sukari da madara, a soya cikin mai. Bambancin kawai shi ne akan yi masa huda a tsakiya ya fito kamar ɗan ƙaramin gammo, a shafa masa narkakken sukari ko cakulan. Ba Kanada ce ta ƙago shi ba, kuma ba ta noman gahawa ko ƙwaya ɗaya saboda sanyinta. Amma ƴan ƙasar da yawa suna ɗaukar wannan kamfani a matsayin wata alama ta ƙasarsu, kusan kamar tuta. Abin da ya kamata a bi a hankali cikin tarihinsa shi ne yadda sunan ya tsaya wuri ɗaya shekara 60, alhali dukiyar da ke bayansa tana ta sauya hannu.

Ɗan wasa da ɗan sanda

An haifi Tim Horton a shekarar 1930 a garin Cochrane, can arewacin lardin Ontariyo, yankin daji da ma'adinai da tsananin sanyi. Ya yi suna a wasan hoki na kan ƙanƙara, wasan da ake yi da sanduna masu lanƙwasa, ƴan wasa suna sulɓi a kan daskararren ruwa da takalma masu kaifin ƙarfe. Matsayin wannan wasa a Kanada ya yi daidai da na kokawa a Nijar. Horton mai tsaron baya ne a ƙungiyar Toronto Maple Leafs, an san shi da ƙarfin tsiya, kuma da shi ƙungiyar ta ɗauki kofin Stanley sau huɗu: 1962, 1963, 1964 da 1967.

A wancan zamani albashin ɗan wasa bai taka kara ya karya ba. Da yawansu sukan nemi wani aiki in lokacin wasa ya wuce, ga shi kuma rauni ɗaya ya isa ya raba mutum da sana'ar. Horton yana da mata da ƴaƴa mata huɗu, saboda haka ya riƙa neman abin da zai dogara da shi in ƙarfi ya ƙare. Ya gwada sayar da motoci, ya gwada gidan abinci, ba su yi albarka ba. Ran 17 ga watan Mayu na 1964, shi da wani abokin hulɗarsa mai suna Jim Charade suka buɗe shagon donot a titin Ottawa cikin birnin Hamilton, a wani tsohon gidan mai. Kofin gahawa senti 10 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na dala. (Duk inda aka ce dala a nan, kuɗin Kanada ko na Amurka ake nufi, ba dalar sefa ta kasuwar Maraɗi ba.)

Zaɓen wurin ya yi tasiri fiye da daɗin donot ɗin. Hamilton garin narka ƙarfe ne, masana'antunsa ba sa barci, ma'aikata suna karɓa-karɓa dare da rana. Wanda ya tashi aiki da asuba da wanda zai shiga da tsakar dare, dukansu suna buƙatar wuri mai ɗumi da abin sha mai zafi, mai araha, inda ba za a dubi kayan aikin da ke jikinsu ba.

Cikin masu sintiri a wannan yanki akwai wani ɗan sanda, Ron Joyce. Shi ma 1930 aka haife shi, a wani ƙaramin gari na lardin Nova Scotia. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya bar makaranta da wuri ya zo Hamilton neman abinci. A 1965 ya ajiye kakin ɗan sanda ya karɓi riƙon wannan shago na farko, a 1967 kuma ya zama abokin tarayyar Horton, rabi da rabi, bayan Charade ya fita. Rabon aiki a fili yake: Horton ne mai suna da fuskar da jama'a suka sani, Joyce ne mai tsayawa kan kwaɓi da lissafi da neman filin sabon shago.

Ran 21 ga Fabrairu 1974, da duku-duku, Horton yana komawa birnin Buffalo na Amurka, inda yake wasa a lokacin, bayan karawa da tsohuwar ƙungiyarsa a Toronto. Motarsa ta ƙwace a kusa da garin St. Catharines, tana mugun gudu, ya rasu yana da shekara 44. Sai a 2005 aka fito da rahoton binciken gawarsa, wanda ya nuna akwai barasa a jininsa fiye da yadda doka ta yarda wa mai tuƙi. Sa'ad da ya rasu shagunan sun kai kimanin 40.

A 1975 Joyce ya sayi kason matar marigayin, Lori Horton, a kan dala miliyan ɗaya da mota ƙirar Cadillac. A ranar kuɗi ne mai yawa. Bayan shekara goma sha wani abu, da kamfanin ya bunƙasa, ta kai ƙara tana neman a warware cinikin, tana cewa lokacin da ta sa hannu ba ta cikin hayyacinta saboda shaye-shayen da ya kama ta. Kotu ta yi watsi da ƙarar a 1993, ɗaukaka ƙara ma bai yi amfani ba, ta rasu a shekarar 2000. Ta fuskar doka maganar ta ƙare. Amma daga 1975 sunan mijinta ya ci gaba da haskawa a kan dubban gine-gine ba tare da iyalinsa suna da ko sisi a cikin uwar kamfanin ba. Wani abin mamaki, ɗan Joyce ya auri babbar ƴar Horton, kuma za a sake jin labarinsu a gaba.

Hayar suna

Ba za a fahimci sauran labarin ba sai an san yadda aka tsara harkar. Yawancin shagunan ba kamfanin ke tafiyar da su ba. Tsari ne da za a iya kira hayar suna. Mutum ya tara jarinsa, ya biya kuɗin shiga, a koya masa aiki, a ba shi shago da suna da tsarin girki. Shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke biyansu. Ita kuwa uwar kamfani tana karɓar wani kaso daga cinikinsa, da kuɗin hayar gini, da kuɗin talla, sa'an nan wajibi ne ya sayi gahawa da fulawa da kofuna daga wurinta a kan farashin da ta yanka. Abin lura a nan shi ne daga ciniki ake cire kason kamfani, ba daga riba ba. In albashi ya tashi ko wutar lantarki ta yi tsada, mai riƙon shago ne ke ji a jikinsa.

Da wannan tsari Joyce ya bi ƙananan garuruwan da manyan kamfanonin Amurka suka raina. A wurare da yawa shagon ya zama dandali, inda tsofaffi ke hira da hantsi, iyaye ke biyawa da asuba kafin su kai yara wasan hoki. A 1976 aka fito da Timbits, ƴan dunƙulallun donot na loma ɗaya. A 1986 aka fara gasar nan ta naɗe leɓen kofin takarda a duba ko an ci mota ko wani kofin kyauta. Shago na 500 ya buɗe a 1991, na 1,000 a 1995, na 2,000 a shekarar 2000. A hankali gahawa ta zama gaba, donot ya koma baya, aka ƙara miya da burodi mai haɗi.

Ga ɗalibin harshe akwai abubuwa biyu masu ban sha'awa. Na farko, a da akan rubuta sunan da ƴar alamar nan mai kama da hamza kafin harafin ƙarshe, wadda a Ingilishi take nuna mallaka, wato "na Horton". Lardin Kebek, inda Faransanci ke da rinjaye, ya kafa dokar harshe a 1977 wadda ta tsananta a kan allunan shaguna, kuma wannan alama ta Ingilishi ce zalla. Maimakon a yi alluna iri biyu, sai kamfanin ya shafe ta ko'ina. Alamar mallakar ke nan ta faɗi daga sunan mutumin da mallakar ta riga ta fita daga gidansa. Na biyu, masu saye sun ƙirƙiro kalmar double-double, wato gahawa da ma'auni biyu na kirim da biyu na sukari, kuma a 2004 ƙamusun Oxford na Ingilishin Kanada ya shigar da ita. Kalma ce da ta fito daga bakin talakawa a kan layi, ba daga ofishin talla ba.

Sauya hannu

A 1995 Joyce ya haɗe kamfanin da Wendy's, wani kamfanin gidajen abinci na Amurka, ya karɓi hannun jari har ya fi wanda ya kafa Wendy's ɗin kaso. Daga wannan shekara alamar Kanada ta koma ƙarƙashin wani ofishi a jihar Ohayo. A daidai wannan lokaci ne kuma tallace-tallacen kamfanin suka fi matsa wa batun kishin ƙasa. Wani da aka nuna lokacin wasannin Olamfik na 2010 ya taɓa zukata ƙwarai: wani ɗan Afirka ya sayi rigunan sanyi, ya je filin jirgi tarbar matarsa da ƴaƴansa, abin da ya fara miƙa mata kofin gahawar nan ne. Sojojin Kanada da ke Kandahar a Afganistan ma an kai musu shago a 2006, ya yi aiki har 2011. A watan Satumba na 2009 Firaminista Stephen Harper ya bar taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya je wata cibiyar kamfanin a garin Oakville, don murnar komawar rajistarsa Kanada bayan rabuwa da Wendy's a 2006.

Canjin da ya fi taɓa kwano ya faru a farkon shekarun 2000. A da kowane shago yana da mai tuya da ke kwana yana kwaɓi. Sai aka gina babbar masana'anta a garin Brantford, inda ake soya donot a daskarar da shi, a rarraba a manyan motoci, a shago kuma a ɗumama shi a tanda a shafa sukari. Joyce, wanda ya riga ya janye daga harkar, ya fito fili ya kushe abin. Wasu masu riƙon shaguna suka kai ƙara suna cewa kuɗin da suke kashewa kan kowane donot ya ninka, ribar kuma ta koma wa uwar kamfani. A 2012 kotu ta kore ƙarar, bisa hujjar cewa yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta ba kamfani wannan iko. Taken kamfanin, mai ma'anar "kullum sabo", bai canza ba.

A watan Agusta na 2014 aka ba da sanarwar cewa Burger King zai sayi Tim Hortons a kan kimanin dalar Amurka biliyan 11. Aka kafa sabuwar uwar kamfani, Restaurant Brands International, mai mazauni a Kanada, amma kashi 51 cikin ɗari a lokacin yana hannun 3G Capital, kamfanin wasu attajiran Birazil da suka yi suna wajen matse kashe kuɗi. (Kasonsu ya ragu daga baya.) Cikin ƴan makonni aka sallami ɗaruruwan ma'aikatan ofis. A 2017 masu riƙon shaguna suka kafa ƙungiya don ja da sababbin shugabanni. A waje kuwa sunan ya yi ta bazuwa: ya riga ya shiga Dubai tun 2011, ya shiga Birtaniya da Filifin a 2017, Sin a 2019.

Ran 1 ga Janairu 2018 gwamnatin Ontariyo ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 11.60 zuwa 14 a awa. Nan take wata wasiƙa ta fito daga shaguna biyu na garin Cobourg, tana shaida wa ma'aikata cewa daga yanzu ba za a biya su lokacin ɗan hutun da suke yi a tsakiyar aiki ba, kuma za su ɗauki wani ɓangare na kuɗin inshorar lafiyarsu. Masu riƙon waɗannan shaguna su ne ɗan Joyce da matarsa, ƴar Horton. Shugabar gwamnatin lardin, Kathleen Wynne, ta kira abin cin zali. Jama'a suka yi zanga-zanga a ƙofar shaguna, wasu suka ƙaurace wa saye. Uwar kamfani ta ɗora laifin a kan wasu ƴan tsirarun masu riƙo, su kuma ta bakin ƙungiyarsu suka ce an hana su ƙara farashi kuma an ƙi rage musu kuɗin kaya, to ina za su samo cikon? Kowane ɓangare yana da ƴar gaskiyarsa, sai dai wanda aka yanke wa hutu shi ne mai tsayuwa bayan kanta, kuma da yawan irinsa baƙin haure ne na halal da ɗalibai daga Filifin da Indiya da Afirka, irin mutanen da tallar 2010 ta nuna. A binciken farin jinin kamfanoni da cibiyar Léger ke yi kowace shekara, Tim Hortons ya faɗo daga na 4 zuwa na 50 a wannan shekara.

Ron Joyce ya rasu a ƙarshen Janairu 2019 yana da shekara 88, da dukiyar da ta haura dala biliyan ɗaya. Shagon titin Ottawa yana nan yana aiki. An sake gina shi ya zama bene, a sama an jera tsofaffin kofuna da rigunan ma'aikata don masu ziyara, a bakin titi kuma an kafa mutum-mutumin Horton na tagulla cikin kayan wasa, riƙe da sandarsa.