Ciwon ɓarin kai: maganin rigakafi na nan, horo ne ya yi ƙaranci

A Bogo, garin da ya yi suna da kasuwar shanu kusa da Marwa, mai fama da ciwon ɓarin kai yakan fara da teburin mai magani: parasitamol yau, ibuprofen gobe, wani har tramol. In ya je asibiti kuwa, zazzaɓin cizon sauro ake fara tuhuma. Da wuya a tambaye shi kwana nawa a wata kan ke sara.

Amsar wannan tambayar ce ke raba magani biyu. Akwai na kwantar da ciwo in ya taso, akwai na rigakafi da ake sha kullum don rage yawan tasowarsa. Likitoci kan duba na biyun idan ciwon ya kai kwana 4 a wata, ko yana hana mutum aiki. Propranolol da amitriptyline tsofaffin magunguna ne masu sauƙin kuɗi, kuma suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka ba a cika rubuta su don wannan ciwo ba.

Wani ɓangare na dalilin yana makaranta. Rahoton hukumar na 2011 ya nuna cewa, a matsakaici, awa 4 kacal ake ware wa ciwon kai a duk karatun likita. A karkara kuma nas ne ke duba yawancin marasa lafiya, likitan ƙwaƙwalwa da jijiya sai a manyan birane.

An gwada gajeren horo a Estoniya. Bayan kwas ɗin, likitocin unguwa sun fi gane nau'in ciwon, sun rage tura mutane gwaje-gwajen da ba su da amfani. A Norway an koya musu yi wa masu yawan shan maganin ciwo ɗan taƙaitaccen bayani, kwanakin ciwon suka ragu. Wannan darasin ya fi shafar Arewacin Kamaru, domin shan parasitamol kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haddasa ciwon kai. Na irin tramol, kwana 10 ya isa.

Abin da za a koyar ba shi da yawa. A fara da ƙaramin ma'auni, a ƙara a hankali. Ba a ba mai asma propranolol, valproate kuma haɗari ne ga jaririn da ke ciki. Mafi wuya shi ne bayani: maganin kan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin a yanke masa hukunci, kuma in ciwon ya ragu da rabi an ci nasara. Wanda ba a gaya wa haka da Fulatanci ko Hausa ba zai watsar da shi cikin mako guda, ya ce bai karɓe shi ba.

Tsangayar koyon likitanci ta Garwa na iya ɗaukar nauyin irin wannan horo ga ma'aikatan gundumomi kamar Bogo. Kayan aikin farko takarda ce da majinyaci zai riƙa yi wa alama duk ranar da kan ya sara, ya kawo ta bayan wata guda.