Tagullar Faransa: fuskar Sa'idu ta yaɗu, sunansa ya ɓace

A birnin Pari, duk wanda ya leƙa gidan gwanjon Drouot ko shagunan kayan da, zai iske ƙananan mutum-mutumi na tagulla birjik: dawaki, zakuna, allolin Girka, jefi-jefi kuma fuskar wani baƙar fata da rawani. Mafi yawansu kwafi ne, kuma a ƙarni na 19 ba a ɗauki wannan abin kunya ba. A shekara ta 1836 Achille Collas ya ƙera na'ura mai rage girman mutum-mutumi ba tare da ta ɓata kamanninsa ba, ya haɗa jari da Ferdinand Barbedienne a 1838. Daga nan likita ko ɗan kasuwa ya samu halin aza bisa teburinsa abin da a da sai fadar sarki.

A lokacin, malaman makarantar zane ta gwamnati sun tsaya a kan cewa kyawo na Girkawa ne da Rumawa, cikin farin dutse. Sai ga wani saurayi, Charles Cordier, ya kawo wa baje-kolin Salon na 1848, shekarar da Faransa ta soke bauta, fuskar wani mutumin Sudan da aka taɓa bautarwa, Seïd Enkess, da sunan Sa'idu Abdallah na ƙasar Darfur. A 1851 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sayi zubin tagullarsa. A wannan shekara gidan tarihin halittu na Pari ya ɗauki Cordier aiki, ya zana masa “ire-iren” ƴan Adam. Ya je Aljeriya a 1856, ya dawo yana haɗa tagulla da dutsen onis mai launi.

A nan ne muke ganin gizo ke saƙa. Cordier ya ga kyawon baƙar fata a lokacin da ƴan uwansa ba su gani ba, wannan ba mu hana masa. Amma da kwafi ya yawaita, mutum ya koma samfuri: aka daina cewa Sa'idu, aka koma cewa “Banube”. Haka matar da Carpeaux ya zana a 1868, igiya ɗaure a ƙirjinta, da rubutu mai tambayar don me za a haifi mutum bawa. An zuba ta cikin tagulla, an gasa ta cikin yumɓu, an saida wa masu hali su ƙawata falo, sunanta kuwa bai shiga takarda ba. A 2019, lokacin wani baje-koli, gidan tarihin Orsay ya sake wa ayyuka da dama suna don a maido da na mutanen da aka zana.

Ga mai son saye, dokar Faransa ta yau ta iyakance zubin asali ga guda 8, da 4 na mai aikin. Kwafi kuma tilas a buga masa kalmar “reproduction”. Zubin ƙarni na 19 bai san wannan iyaka ba, don haka ake duba hatimin maƙera da tsabtar aiki. Akwai kuma awo. Maƙeranmu na gidan tarihin Boubou Hama a Yamai, masu zubi da kakin zuma, sun san tagulla na tsukewa in ta huce: wanda aka kwafa daga jikin wani zubin yakan fito ɗan ƙarami, gashin gemu da lanƙwasar rawani duk sun dushe.