Jabu: Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

A wannan ɗan rubutu zan duba kalmar "jabu", domin mu da muka koyi Hausa a aji mukan haɗa ta da "ƙarya" da "bogi", alhali kowace da muhallinta.

Jabu shi ne abin da aka ƙera ya yi kama da na ainihi, don a ruɗi mai karɓa. Ke nan sai da abu biyu: kwaikwayo da niyyar cuta. Kaya mai arha da aka sayar da sunansa na gaskiya ba jabu ba ne, ko da bai da ƙarko.

Ana danganta asalin kalmar da sunan ƙasar Ijebu ta Yarabawa. Bayan Turawa sun kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, an yi fama da masu buga sulallan da ba na hukuma ba, sai sunan wurin ya bi irin wannan kuɗi. Bahaushen yau kuwa ba ya tuna wani gari in ya faɗe ta.

Ta fuskar nahawu, takan zo gaban suna ko bayansa: jabun kuɗi, kuɗin jabu. Ba ta sauya siffa saboda jinsi ko adadi: jabun takarda, jabun magunguna, wannan riga ta jabu ce.

"Bogi" takan zo bayan suna, kuma ta fi kama mutum da matsayi: likitan bogi, kamfanin bogi, auren bogi. "Ƙarya" kuwa ta magana ce da aiki. Yaron da ya rufe ido don kada a aike shi barcin ƙarya yake yi. Wanda ya ce "barcin jabu" dariya za a yi masa.

Wannan bambanci ya wuce na jarrabawa. Tun da aka kafa hukumar NAFDAC a 1993 ake gargaɗin jama'a kan magunguna, kuma cikinmu akwai waɗanda za su fassara irin wannan sanarwa gobe. In ka rubuta "maganin banza", mai sauraro zai ɗauka maganin ne bai da ƙarfi. In ka ce "jabun magani", ya san an sa hannu ne don a cuce shi, sai ya duba kwali kafin ya biya.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu zaɓi kalma mu tambayi kanmu: faɗa aka yi, ƙerawa aka yi, ko riga aka ara?